Tsakanin Illela biyu: baƙi da ƴan biɗa a ƙasar Ƙonni da Adar

Gari biyu ne ke da suna Illela, kuma duka biyun ta Birnin Ƙonni ake zuwa su. Ɗaya tana kudu, cikin jihar Sakkwato ta Najeriya, kusa ƙwarai, mai kabu-kabu na zuwa ya komo sau da yawa a wuni guda. Ɗayar tana arewa, cikin Adar, jihar Tawa, inda Sarkin Adar ke zaune. Wanda ya shiga tashar Ƙonni ya ce Illela za shi, sai ƴan kamasho sun tambaye shi wacce daga ciki. Ta kudu ita ce ƙofar da baƙi ke shigowa Nijar. Ta arewa kuwa, ɗiyanta ne ke fita su zama baƙi a ƙasar wasu. Tsakaninsu akwai gundumomi uku, Ƙonni da Malbaza da Illela, kuma wanda ya bi hanyar da ta ratsa su ya ga maganar shige da fice da idonsa, ba a rediyo ba.

Ranar Laraba ce kasuwar Ƙonni, Lahadi kuma ta Illelar Najeriya. Mutanen da suka ci wannan su ne ke cin waccan. Shanu da tumaki da wake da albasa suna gangarawa kudu. Masara da garin rogo da kayan roba da takin zamani da atamfa suna hawowa arewa. A bakin tasha ƴan canji na zaune bisa benci, naira a hannun dama, sefa a hannun hagu, kuma tun kafin rana ta yi zafi kowa ya san yadda kuɗi suka kwana. A Ƙonni mai tuwo ma tana karɓar naira.

Cikin gari akwai baƙin da suka daɗe. Ibo na sayar da kayan mota da na babur, Yarabawa na da shagunan tufafi da kwanoni, mutanen Benin da Togo suna gini da koyarwa a lakwal masu zaman kansu. Waɗansunsu a nan suka haifi ɗiyansu, ɗiyan kuma ba su da wani yare da suka fi ji kamar Hausar Ƙonni. Amfaninsu a fili yake. Sun kawo sana'a, suna biyan haya da kuɗin kasuwa, kuma samarin gari da yawa a hannunsu suka koyi kanikanci. Ƙorafi ma akwai shi. Masu ƙananan shaguna na cewa baƙo ya fi su jari, haya ta yi tsada, kuma akwai maganin da ke shigowa a kwali ba tare da likita ya gan shi ba. Wannan na ƙarshe gaskiya ne, sai dai ɗan gari ma na cikin masu tallarsa.

To, ita iyakar, yaushe aka yi ta? Ba ta tsufa ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda daularsa ta kafa Sakkwato, a Maratta aka haife shi cikin 1754, kusa da Galmi, wurin da yau ke cikin Nijar. Sarakunan Adar na Illela zuriyar Agabba ne, ɗan Sarkin Agadas, wato su ma daga wani wuri kakansu ya taso. A 1898 Faransa da Ingila suka zauna can Turai suka zana da'ira kewaye da Sakkwato, mil 100 ta kowane gefe, Ƙonni ta faɗa cikin rabon Ingilishi. A 1899 ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine ya auka ma Birnin Ƙonni, ya ƙone shi, ya kashe mutane masu yawan gaske. Sai a yarjejeniyar 1904 aka ja layin kudu, don Faransawa su samu hanya mai rijiyoyi daga Kwara zuwa Damagaram, kuma tsakanin 1906 da 1908 aka bi daji ana kafa alamomi. Layin ya raba gona da mai ita, ya raba wa da ƙane. Zamanin aikin dole da lanho da kamun soja, wanda aka matsa ma a nan sai ya kwashe iyalinsa da dare ya koma ƙasar Ingilishi, har aka hana aikin dole a 1946. Shi ya sa a ƙauyukan Bazaga da Alela da kewayen Ƙonni da wuya a samu gidan da ba shi da dangi ƙetaren layi.

Wannan zumunci ne ya sa ba a rufe ƙofa ba sa'ad da ƴan bindiga suka tada mutanen Sakkwato da Zamfara. Tun 2019 suke ƙetarowa, da farko ta wajen Maraɗi, daga baya ta jihar Tawa. A watan Nuwamba na 2021 kaɗai, hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce fiye da mutum 11,500 suka shigo, galibi mata da yara, suka sauka ƙauyukan Bangi a gundumar Madawa, maƙwabciyar Malbaza. Ƙasar Ƙonni ma ta samu nata rabon, tunda tana jingine da Tangaza da Gudu, inda sunan Lakurawa ya fito fili a 2024. Mai masauki ya raba ɗaki, ya raba tukunya. Amma rijiyar da ta ishi gida hamsin ba ta isar gida ɗari ba tare da faɗa bakin guga ba. Itacen wuta ya yi nisa, rumbu ya ƙare kafin lokacinsa, layin likita ya yi tsawo. Ga kuma tsoro, don hanyar da mai gudu ya biyo, wanda ya kore shi ma ya san ta. An yi satar shanu, an ɗauki mutane don kuɗin fansa a ƙauyukan bakin iyaka. Daga nan ne wasu ke cewa a toshe iyakar baki ɗaya a huta.

Ƙonni ta ga toshewa har sau uku cikin shekara arba'in, saboda haka tana da abin faɗi.

Kafin ta farko ma an yi kora. Ranar 17 ga Janairu 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar Najeriya. Kuɗin man fetur sun ja baya, aiki ya yi wuya, aka ce baƙi ne sanadi. An ƙiyasta mutum kusan miliyan 2 suka fita, wajen rabinsu ƴan Gana, waɗanda su ma a 1969 ƙasarsu ta kori baƙi, har da ƴan Nijar da na Najeriya. Ƴan ga-ruwa da masu gadi da masu shayi na Adar suka dawo gida tsakiyar rani, wani da katifa bisa kai, wani hannu sake don maigidansa bai biya shi ba. A watan Afrilu na 1984 Janar Muhammadu Buhari ya canza takardun naira ya rufe iyaka, kuma duk wanda ke da tsohuwar naira a ƙarƙashin filo a wannan gefen ya wayi gari da takardar banza. Daminar wannan shekara ba ta yi ba. Hatsin da aka saba samowa daga kudu bai shigo ba, dabbobi suka rasa kasuwa suka mutu hannun masu su. Har yau tsofaffi na kiran wannan yunwa El-Buhari. A 1985 aka sake wata korar, kuma ba a buɗe iyaka ba sai Maris na 1986, zamanin Babangida.

Ta biyu ta zo daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, don hana shinkafar waje shiga Najeriya. Ta uku ta biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sa'ad da CEDEAO ta sa ma Nijar takunkumi, Najeriya ta yanke wutar lantarki, manyan motoci suka yi layi a Illela wata da watanni, har aka buɗe cikin Maris 2024. Duk sau ukun abu guda aka gani. Ƙofar kwalta ce ke rufuwa. Iyakar Nijar da Najeriya ta kai wajen kilomita 1,500, babu kogi babu dutse a wannan yankin, gonakin hatsi ne kawai da turbar jaki. Kaya ba su daina wucewa ba, sai dai su bi dare, bisa babur da amalanke, kuma kowane buhu ya ƙara kuɗi saboda hannuwan da ya ratsa. Mai jari da ya san wanda zai gani ya yi riba fiye da da. Tsohuwa mai kai daddawa kasuwar Lahadi ita ce ta zauna gida. Ɗan bindiga kuwa dama can ba ta gaban ƴan duwan yake bi ba.

Abin da ya taɓa kasuwar fetur ta bakin hanya ma ba shinge ba ne. Shekaru da yawa samari na rayuwa da jarka da kwalba, suna ɗauko man Najeriya mai araha. Da Shugaba Tinubu ya cire tallafin mai a ƙarshen Mayu 2023, sai ribar ta tafi da kanta, abin da jandarma bai iya ba shekara talatin. Waɗansu samarin suka koma lambu, waɗansu suka nemi kuɗin mota zuwa arewa.

Daga Ƙonni in an miƙa gabas bisa babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram, ana ratsa filin noman rani mai hekta fiye da 2,400, wanda aka gina ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980, yana shan ruwan Maggiya daga madatsun Mozage da Zongo. Nan gaba kaɗan sai Tsarnawa, inda hanya ta rabu. Wadda ta yi arewa ita ce ta Tawa da Agadas da Arlit. A nan ake ganin wani irin baƙo dabam, mai wucewa. Samari da ƴan mata ne daga kudancin Najeriya da sauran ƙasashen bakin teku, da ƴar jaka a baya da salula a hannu, ba su jin Hausa, ba su sauka sai don sayen ruwa. Libiya ko Aljeriya suka nufa, wasu kuma Turai. A watan Mayu 2015 Nijar ta yi doka mai hukunta masu safarar baƙin haure, aka fara aiki da ita sosai a 2016, da goyon bayan Tarayyar Turai. An kama direbobi, an ƙwace motoci a Agadas. Tafiyar ba ta tsaya ba, ta bar hanyar rijiyoyi ta koma inda babu mai gani, kuɗinta ya hau, mutane suka mutu da ƙishirwa. A Nuwamba 2023 Janar Abdurahaman Tiani ya soke dokar. Tsarnawa dai abin da take samu daga waɗannan baƙi bai wuce kuɗin tsire da ruwan leda ba.

Malbaza kuwa baƙi ne suka gina ta. Kafin kamfanin siminti ya fara aiki a shekarun 1960, wurin ƙauye ne kamar sauran. Dutsen da ake toyawa ya jawo leburori da direbobi da masu walda daga kowane gefen ƙasa, Zabarmawa da Barebari da Buzaye, kowa ya zo da iyalinsa. Masu abinci suka biyo su, kasuwa ta kafu, lakwal ta cika, har a 2011 aka yanke Malbaza daga Ƙonni ta zama gunduma mai kanta. Ba wanda ya kira su baƙin haure don katinsu na Nijar ne, amma abin da suka yi ma garin shi ne abin da baƙo ke yi ko'ina: filin gini ya yi tsada, kuma wanda ke da gona bakin hanya ya zama mai arziki.

Galmi tana gaba, bayan Dogarawa. Sunanta ya je inda mutanenta ba su je ba, saboda albasa. Lokacin cire ta, wajen Maris da Afrilu, buhuna ne jibge bakin hanya, motoci na lodi zuwa Akara da Kumasi da Abijan da Kwatano da Lome. Mai saye baƙo ne sau da yawa, mai masaukinsa ɗan gari, kuma can Gana wanda zai sauke kayan a kasuwa ɗan Adar ne da ya yi shekara ashirin a zango. Ciniki ne da ya dogara bisa mutum ya yarda da baƙonsa a nan, a yarda da ɗansa a can. Albasa ba ta jiran siyasa. A 2023, da hanyar Gaya ta toshe, motoci sun tsaya da lodi har ruwa ya riƙa tsiyaya daga buhuna, manomi a Galmi ya sayar da arha ko ya bari ta ruɓe a rudu. Asibitin mishan na Galmi, wanda aka buɗe a 1950, shi ma marasa lafiya na zo masa daga Najeriya, ba a tambayar ciwo ƙasarsa.

Sai a juyo Tsarnawa a kama arewa, ta Gidan Idar zuwa Badagishiri, mai babbar kasuwar dabbobi, daga nan a ratse yamma zuwa Illelar Adar. Ƙasa ta canza. Tudu ne da duwatsu da faƙo, kwari na tsakani. A nan maganar ta juye. Wanda ya shiga ƙauye cikin Janairu zai tarar da tsofaffi bakin masallaci, da mata, da yara. Mazan sun tafi biɗa tun da aka ɗaure hatsi. Abijan, Legas, Kano, Kamaru, Libiya, Aljeriya, kowane ƙauye da inda ya saba zuwa, don wa ne ke jan ƙane. Ajin yaƙi da jahilci na manya ma a rani ake buɗe shi, daidai lokacin da rabin masu suna a rajista suka hau mota.

Ba don yawo suke tafiya ba. Gonar da uba ya noma shi kaɗai, ɗiya biyar suka raba, kuma abin da ta ba da ba ya kai gida ga wata damina. Wanda ya tafi ya rage ma rumbu baki ɗaya, in Allah ya ba shi ya aiko ta Nita ko Al Izza a sayi buhu. Rufin kwano da shago da babur da masallacin siminti da ake gani a ƙauyukan Tajaye da Badagishiri, mafi yawa kuɗin biɗa ne. Sadaki ma haka. Amma nauyin gida ya koma bisa mace, ita ce ruwa, ita ce itace, ita ce kai yaro likita da dare. Akwai wadda ta yi shekara uku ba wasiƙa ba waya, ba a sake ta ba, ba a riƙe ta ba, har sai ta kai ƙara wurin sarki. Akwai wanda ya dawo da ciwo. A 2011, da yaƙi ya tashi Libiya kuma rikici ya yi zafi a Kodibuwa, dubban ƴan jihar Tawa suka dawo lokaci guda ba komai a hannu, gidan da ya saba karɓa ya koma ciyarwa. Motocin da Aljeriya ke zubar da mutane wajen Asamaka ma, ba a rasa ɗan Adar a ciki. Mutumin Illela da ya ji ana cewa a kori baƙi, ya san cewa ɗansa baƙo ne a wani wuri.

To, da mi ake tsare shige da fice, in ba da shinge ba? Na farko takarda. Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ya zauna kwana 90 ba biza, amma da shaidar ko shi wane ne, kuma waɗanda aka kora a 1983 rashin wannan shaida aka riƙe musu. Nijar ta fita daga CEDEAO ranar 29 ga Janairu 2025 tare da Mali da Burkina Faso, kuma cikin wannan watan gwamnati ta fito da sabuwar doka bisa shigowa da zaman baƙi, mai neman kowane baƙo ya riƙe takardar tafiya ko ta zama. Doka irin wannan tana da kai biyu, don abin da aka nema ga baƙo a Ƙonni shi za a nema ga ɗan Adar a Abijan. Ga shi kuwa har yanzu akwai magidanta masu furfura da ba su da takardar haihuwa, balle katin ɗan ƙasa. Wanda ba shi da kati shi ne abincin shingayen hanya, kowane tsayi sai ya sauka ya lalubi aljihu. In alƙalai sun zo zagayen ba da takardar haihuwa a ƙauye, ranar ta fi ranar kasuwa muhimmanci ga mai niyyar tafiya, ko da yake ba kowa ya gane haka ba.

Na biyu tsohon abu ne, ya girmi duwan da jandarma. A ƙasar Hausa baƙo ba ya kwana gari sai da mai masauki, mai masauki kuma sai ya kai shi gaban mai gari. "Ranka ya daɗe, ga baƙona, daga wuri kaza, ɗan wane ne, ga abin da ya kawo shi." In baƙo ya yi ɓarna, mai masauki za a kira. A kasuwar Badagishiri ma haka, ba a sayen sa hannun wanda dillali bai sani ba, kuma wannan ne ke hana saniyar sata samun kasuwa. Mai gari ya fi kowane ma'aikaci sanin wa ya gudo da ɗiyansa, wa kuma ya zo leƙen garke. Abin da ya rage shi ne a ba shi littafi da wanda zai rubuta, abin da ya rubuta ya isa wurin magajin gari da perfe, a san yawan bakunan da suka ƙaru kafin a aiko hatsi ko a gina rijiya. Hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya tana nan tun 1971, ofishinta a Yamai, amma sarakunan gefe biyu sun riga ta sanin juna, don suna haɗuwa wurin biki da ta'aziyya.

Game da masu fita kuwa, ƙasar Illela ta gwada wani abu da ya kamata a tuna. Bayan yunwar 1984 Janar Seyni Kunce ya matsa bisa noman rani. A 1989 kuma wani aikin gyaran ƙasa na FIDA ya ɗauki manoman Illela ƙalilan ya kai su Yatenga, a Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa rami a faƙo, a zuba taki, a jira ruwa. Suka dawo suka gyara tassar da kakanninsu suka sani, suka ƙara mata faɗi da zurfi, aka haɗa da rabin wata da jeren duwatsu. Faƙon da ba a ko kiwo bisansa ya ba da hatsi. Cikin shekaru kaɗan dubban hekta suka farfaɗo, har aka fara sayen faƙo da kuɗi, abin da da za a yi ma mutum dariya. Samari suka zama gwanayen haƙa tassa, ana ɗaukarsu ƙwadago daga ƙauye zuwa ƙauye cikin rani. A Batodi ruwan rijiya ya hau da wajen mita 14 tsakanin 1994 da 2004, mata suka kafa lambuna. Dabarar ita ma baƙuwa ce, ƙetaren iyaka aka samo ta. Ba ta hana biɗa ba, don mutane sun ƙaru fiye da gona, amma akwai gidajen da a maimakon maza uku su tafi, ɗaya ya zauna.

Wajen ƙarshen Mayu hanyar na juyawa. Motocin da suka kwashe samari bayan kaka su ne ke sauke su a Tsarnawa da Badagishiri, da buhun masara da rediyo da takalman yara ɗaure a igiya. Kowa na sauri kada ruwan shuka ya riga shi gida. Waɗanda ke Libiya da Abijan ba su zuwa kowace shekara, nisa da kuɗin mota sun yi yawa. Su sai dai su bugo waya da dare su tambayi tsoho ko an yi ruwa, in an yi, su aiko kuɗin da za a ɗauki ɗan ƙwadago ya yi noman fari. Wani lokaci wanda za a ɗauka ɗin mutumin Sakkwato ne da ya gudo ya bar tasa gonar.